Kumfar Ranar Laraba

Sufyanu ya karkata tambulan ɗin, ya jawo hannun famfon zuwa ƙirjinsa. Giyar ta sauko shiru, launinta kamar shayi mai madara, tana bin gefen gilashin. Da ta kusa kai wuya sai ya saki famfon, ya dire tambulan a kan katako, ya harɗe hannuwa yana kallo. Zubawar ba komai ba ce, kowane sakarai zai iya jan famfo. Jiran shi ne aikin.

Aka ƙwanƙwasa 'yar tagar katakon da ke gefensa da zobe, sau biyu. Ko motsi bai yi ba.

Duk abin sha na duniya in ka zuba shi, kumfarsa sama take yi. Wannan baƙar giyar da ake kira sitawut kuwa, ƙasa tata take gangarowa layi-layi, har gindin tambulan ya yi baƙi ƙirin, kansa ya yi fari tas mai kauri kamar kindirmo. Wani ɗan Togo mai haɗa injin sanyi ne ya koya masa shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ya ce gas ɗin da ke cikin doguwar tukunyar nan ba irin na lemo ba ne, naitirojin ne, kuma a bakin famfon akwai wani ɗan faranti mai ƙananan huji da ke matse giyar. Minti biyu ake ba ta ta nutsu. Wanda ya yi gaggawa ya ɓata ta.

Da ta kwanta, ya tura hannun famfon baya a hankali ya cike ta, har kumfar ta ɗan ɗara bakin tambulan ba tare da ɗigo ɗaya ya zuba ba. Ya share gindin da babban yatsa, ya juya tambulan ɗin sau ɗaya, ya ɗaga murfin tagar ya miƙa. Wani hannu mai zoben azurfa da jan dutse ya karɓa.

"Madalla da hannun ga," in ji muryar da ke ciki. Haka take cewa kowace Laraba.

Otal ɗin Madam Afi a Ƙonni yake, cikin Nijar, tafiyar 'yan mintuna a kan kabu-kabu daga Illela in jami'an iyaka ba su tashi da rigima ba. A Illela wa zai sayar da giya ya kwana lafiya? Amma da ka ƙetare, shi ke nan. Saboda haka Madam ta gina wani ɗaki a baya, mai ƙofa ta lungu, don manyan da ke zuwa daga ɓangaren Najeriya waɗanda ba su son a ga fuskarsu. Dokarta ɗaya ce: mai zubawa ba ya leƙe, ba ya magana. Mai sha kuma hannu kawai yake gani.

To amma an hana ido ne, ba a toshe kunne ba. Sufyanu ya san muryar nan tun shekarar farko. Alhaji Mukhtari ne, babban mai fataucin albasa, wanda motocinsa ke cika bakin kasuwar Illela. Kowace Laraba, ranar kasuwar Ƙonni, in ya gama harkarsa bayan azahar sai ya biyo ta lungu. Kowace Juma'a kuma Sufyanu na jin muryar a ƙofar masallaci tana gaisawa da liman. Kuma ranar Asabar mai zuwa, wannan Alhajin ne zai jagoranci masu zuwa neman auren Raliya, 'yar Sufyanu ta fari, wa Abba, ɗan marigayi yayan Alhajin, wanda ya riƙe tun yana ƙarami.

A gida an san Sufyanu mai kula da injin sanyi ne a wani otal. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, don shi ke kula da shi. Kafin ya hau kabu-kabu kullum sai ya wanke hannu da sabulu sau uku, ya sake riga, ya tauna kanumfari don kada ko warin ɗakin ya bi shi. Abu ɗaya kuma yake riƙe da shi kamar ransa: shekara goma sha ɗaya yana zuba ta, bai taɓa sa ta a bakinsa ba. In zuciyarsa ta dame shi bayan sallah, da wannan yake rarrashinta.

"Madam, Asabar ba ni zuwa," ya ce mata da yamma yana wanke bakin famfon. "Za a zo neman auren ɗiyata."

Madam Afi, doguwar mace 'yar Lome da ta shekara ashirin a Ƙonni, ta ɗago daga wayarta. "Barka! Su wa?"

Ya nuna tagar da leɓe. Ta fashe da dariya har da buga cinya.

"Wayyo Allah, duniya! To ka ji ni da kyau, Sufyanu. Ka ɓoye wannan." Ta nuna hannunsa na dama, inda ɗan ƙaramin yatsansa ya lanƙwashe tun ranar da sarƙar babur ta kama shi yana saurayi.

"Ai ba ni ma zama wurin. Uba ba shi zama a nemi auren ɗiyatai. Yayana za su gani."

Ranar Asabar tun safe gidan ya kacame. Tasalla, matarsa, ta aro tambulan na gilashi guda shida daga maƙwabta, don ta ce ba za a ba mutanen Alhaji abin sha a kofin roba ba. An sayo malt na gwangwani, amma wuta ba ta zo ba tun jiya, duk sun yi ɗumi. Raliya na ɗaki ta rufe ƙofa, wai karatu take. Karatun me? Shekara biyu ke nan Abba na zuwa zance, tun tana makarantar koyon aikin lafiya, kuma duk gidan an san ranar nan take jira. Sufyanu na jin tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, sai ya ji daɗi ya kama shi har idonsa ya yi ruwa.

Baƙin sun iso bayan la'asar, su huɗu, da goro da alawa. Malam Umaru, yayan Sufyanu, ya tarbe su a zaure tare da wani dattijon unguwa. Sufyanu ya zauna a tsakar gida a kan turmi yana jin tashin muryoyi.

"Tashi ka kai musu," in ji Tasalla, ta dire masa tire a gaba.

"Ni? Haba, Tasalla."

"To ni zan shiga cikin maza? Ajiyewa kawai za ka yi ka gaishe su ka fito. Ko so kake a ce gidanmu ba a san baƙo ba?"

Ya yi tunani. Alhaji bai taɓa ganin fuskarsa a Ƙonni ba. Zai riƙe tiren ta ƙasa, ya ajiye, ya fito. Ya saki hannun rigarsa ya rufe yatsun, ya yi sallama ya shiga.

Alhaji Mukhtari na zaune a tsakiyar tabarma cikin farar shadda da ta sha aiki, carbi a hannun hagu, zoben jan dutse a dama. Fuska sake, har da tsokana.

"A'a, ga uban amarya da kansa! Zamna mana, Malam Sufyanu, kunyar mi? Mun kusa zama ɗaya."

Aka yi dariya. Sufyanu ya durƙusa ya gaishe su, ya ajiye tiren. Da ya tashi a lokacin, da shi ke nan. Amma Malam Umaru, wanda hannunsa ke rawa tun ciwon da ya yi bara, ya ɗauki gwangwani ya fasa, ya kifa shi tsaye cikin tambulan. Malt mai ɗumi kuwa ba ya da haƙuri. Kumfa ta taso fuu, ta malalo, ta bi tabarma ta nufi shaddar Alhaji. Malam Umaru ya ruɗe yana subhanallahi, ya sake ɗaukar wani gwangwanin zai maimaita.

Sufyanu bai san lokacin da ya ce, "Kawo, Yaya," ba. Wallahi bai sani ba. Mutumin da ya shekara goma sha ɗaya bai zubar da ɗigo ba, ba zai iya tsayawa yana kallon wannan ɓarnar ba.

Ya karkata tambulan. Ya zuba a hankali ta gefe. Da ya kusa kai wuya ya tsaya, ya dire shi, ya harɗe hannuwa yana kallo.

"Sufyanu, magani kaka haɗawa?" in ji dattijon unguwar. Kowa ya yi dariya.

Ya cike shi har kumfar ta ɗan ɗara baki. Ya share gindin da babban yatsa. Ya juya shi sau ɗaya, ya miƙa wa babban baƙo da hannun dama, hannun rigar ya zame baya.

Alhaji bai karɓa ba. Kallon hannun yake, lanƙwasasshen yatsan nan, da yadda ya tallafi gindin gilashin. Carbin da ke hagunsa ya tsaya. Sai a lokacin Sufyanu ya gane abin da ya yi.

"Malam Sufyanu," in ji Alhaji a hankali, "ina anka ce kake aiki?"

"Ƙonni, Alhaji. Otal."

"Wane aiki?"

"Injin sanyi nika dubawa."

"Injin sanyi." Alhaji ya gyaɗa kai, ya juya ga Malam Umaru. "Malam, ka yi mini gafara. Ni mutum na mai yawo, direbobina kuma sun fi ni yawo, ba abin da ba su kawo mini labarinai. Irin zubin ga da ƙanenka ya yi, wuri guda aka yin shi. Gidan giya."

Malam Umaru ya juyo ya dubi ƙanensa, Alhaji kuwa ya ci gaba.

"An daɗe ana hwaɗa mini akwai wani ɗan Illela da ke zuba ma arna giya a Ƙonni, mai karyayyen yatsa. Na ce ƙarya ta, ɗan Musulmi ba shi haka. Ashe gidan da zan kawo marayan Allah ke nan."

Ba wanda ya tambayi Alhaji yadda aka yi ya san zubin gidan giya da ido. Wa zai tambaya? Mutumin da ya haƙa wa masallacin unguwa rijiyar burtsatse? Duk idanu suka koma kan Sufyanu, wanda har yanzu yake durƙushe da tambulan a hannu kamar wawa.

"Sufyanu," in ji Malam Umaru. "Ka ce ƙarya ta. Ka ce mana wani abu."

Akwai maganganu da yawa da zai iya yi. Zai iya cewa a shagon shayi ya koya. Zai iya yin dariya. Amma abin da ya daɗe yana faɗa wa kansa a kan sallaya shi ne ya riga komai fitowa.

"Wallahi tallahi, Yaya, ban taɓa sa ta a bakina ba."

Alhaji ya buɗe tafin hannu ya dubi mutanensa. "Kun dai ji. Ni ban ce ya sha ba."

Suka miƙe. Ɗaya daga cikinsu ya sunkuya ya ɗauki goron da alawar, har da ƙullin da aka riga aka kwance. Alhaji ya tattare shaddarsa ya tsallake jiƙaƙƙiyar tabarmar. A bakin ƙofa ya juyo ya ce Allah ya ba yarinya wani, ita ba ta da laifi, amma tarbiyya daga abin da aka ci take farawa.

Da ƙarar motar ta yi nisa, Sufyanu ya kama gefen rigar yayansa. "Yaya, ka saurare ni. Ka san yadda ya gane? Shi da kansa, kowace Laraba…"

"Rufe mini baki!" Malam Umaru ya fizge rigarsa. "Ka gama da giya, yanzu ƙazafi za ka koma? Kada in sake ganin ƙafarka a zaurena. Ubanmu ya mutu yana ladanci, kai kuma ga abin da ka zama."

A tsakar gida Tasalla na tsaye jikin bango, ta ji komai, don zauren ba ya da ƙyaure. Ba ta yi ihu ba. Da ta yi ma da ya fi masa sauƙi.

"Shekara nawa?" ta ce.

"Sha ɗaya."

"Kanumfarin nan da kake taunawa, na ɗauka haƙori ke damunka. Har magani na nemo maka wurin Hawwa mai nono." Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Ni ce jaka."

Ƙofar ɗakin Raliya ta buɗe. Ta sa sabon lalle, ta ɗaura ɗankwalin da ta ajiye don ranar. Wayarta na hannunta.

"Abba ya kira," ta ce. "Kuka yake. Ya ce shagon da yake zama na Alhaji ne, ɗakin da yake kwana na Alhaji ne, ba ya da yadda zai yi." Ta dubi ubanta tun daga ƙafa har kai. "Baba, makarantar da na yi, da wannan aka biya?"

Ya sunkuyar da kai.

"Da tuwon da nake ci?"

"Raliya, don ku na yi. Kuma ban taɓa…"

"Ka daina cewa ba ka taɓa sha ba, Baba. Da ka sha, kanka kaɗai ka cuta."

Ta koma ta rufe ƙofa. Daren nan da washegari ba ta taɓa abincin gidan ba, sai ruwan randa.

Kafin kasuwar Lahadi ta watse, Illela kaf ta ji. Kuma labari in ya bi bakin mutane ba ya tafiya yadda ya fito. Zuwa Litinin an ce a buge ake ɗauko shi daga Ƙonni kullum. Zuwa Talata wata mata ta rantse ta taɓa ganinsa kwance a kwata. A masallaci wanda ke kusa da shi a sahu ya matsa ya bar tazara. Mai shayin bakin tasha ya ɗauraye kofin da ya sha da shi sau biyu, a gabansa, yana kallonsa.

Ranar Laraba ya hau kabu-kabu ya ƙetare. Niyyarsa ya gaya wa Madam ya bar aiki, ya ɗauki rigarsa ya dawo, ko da dako zai koma yi a kasuwa.

"Na ji," in ji Madam Afi kafin ya buɗe baki. Yau ba dariya. "Za mu yi magana. Amma yanzu akwai mutum a ɗakin baya, ya kusa rabin awa. Na zuba masa da kaina ya maido, ya ce wannan ruwan wanki ne."

Zoben ya ƙwanƙwasa tagar, sau biyu.

Sufyanu ya tsaya yana kallon katakon. Rashin kunyar mutumin nan ta fi ƙarfin fushi, sai mamaki. Ya matsa kusa da famfon don ƙafafunsa sun saba, ba don ya yi niyya ba.

"Sufyanu." Karo na farko ke nan da sunansa ya fito ta tagar nan. Muryar a sake take, kamar suna hira a inuwa. "Na san kai na. Na ji takunka."

Sufyanu ya kafa wa famfon ido.

"Kada ka riƙe ni a rai. Ka duba lamarin da hankali, kai ba yaro ba ne. In munka zama surukai, da wane ido zan amshi abin ga daga hannunka? Suruki da suruki? Ai akwai kunya. Ko mun haɗu wurin suna, kai ka san ni, ni na san ka. Ba ta yiwuwa. Dole guda ta tahi, ko surukuta ko wagga." Ya ɗan yi tari. "To 'yan mata sun cika Illela, Abba na samun wata kafin azumi. Amma mai zuba wagga, daga nan har Dosso, kai ɗai na. Na gwada wurare, wallahi duk shirme."

Madam Afi ta juya baya ta shiga goge kwalaben da ba su da datti.

"Kuma ka ga yanzu ka huta da ɓoyo," in ji Alhaji. "Ba wanda zai ba ka aiki a Illela, na sani. To ga aikinka nan, ba mai taɓa ka. Zubo mini, rana ta yi zahi."

Hannun Sufyanu ya ɗauki tambulan. Ya karkata shi, ya jawo famfon. Giyar ta sauko shiru. Ya tsaya a wuya, ya dire, ya harɗe hannuwa. Yana kallon kumfar na gangarowa layi-layi, yana tuna lallen hannun Raliya da ko dushewa bai fara yi ba. Ya so a ce hannunsa ya yi rawa, ya ɓata ta ko sau ɗaya. Ina! Ta kwanta baƙa ƙirin, kanta fari tas, ba ta taɓa yin kyau kamar yau ba.

Ya cike ta. Ya share gindin. Ya juya ta sau ɗaya. Ya kai hannu ga murfin tagar, sai ya tsaya.

Shekara goma sha ɗaya yana tsare bakinsa, ga shi duk garin sun gama shayar da shi da bakunansu. Wa ya rage da zai gaya wa bai taɓa sha ba?

Ya ɗaga tambulan ya kai baki. Kumfar ce ta fara taɓa leɓensa, sanyi, laushi kamar man shanu sabon kaɗi. Sannan baƙin ya biyo ta ƙarƙashi, da ɗan ɗaci irin na ƙanzon tukunya, ya wuce maƙogwaro sumul ba ya yaƙushi kamar lemo. Ya yi fatan ta yi masa ɗacin da zai tofar. Ba ta yi ba. Daɗi gare ta, kuma wannan ne ya sa hawayen da bai zubar a zauren yayansa ba suka zubo. Bai sauke tambulan ba sai da ya ga gindinsa.

Zoben ya sake ƙwanƙwasawa, yanzu da ƙarfi.

"Kai, lahiya? Yau ka daɗe."

Sufyanu ya goge farar kumfar da ta maƙale a gashin bakinsa da bayan hannu. Ya ɗauko wani tambulan mai tsabta, ya karkata shi a ƙarƙashin famfon.

"Minti biyu aka ba ta, Alhaji," ya ce. "Ka yi haƙuri."